Yadda Hayaƙi da Feshin Cikin Gida Ke Hallaka Kifin da Ake Kiwo a Gidajen Maiduguri

Duk mai kiwon kifi a cikin gida, ko na ado ne a akwatin gilashi ko tarwaɗa a tankin roba a tsakar gida, ya san ran kifi yana tattare da ruwansa. Shi ya sa idan aka wayi gari kifaye sun yi rigingine, ruwa ake fara tuhuma, sai abinci, sai kuma wanda ya sayar da 'ya'yan kifin. Ba a cika waiwayar iskar da ke saman ruwan ba, alhali sau da dama daga nan ajalin ke sauka. Maganin sauron da aka fesa bayan magariba, da igiyar leƙon da ta kwana tana ci, da hayaƙin kasko, da na janareta, da warin sabon fenti, duk suna da hanyar da suke bi su shiga ruwa, kuma ɗan kaɗan daga wasunsu ya isa ya share tanki guda cikin dare ɗaya.

Wannan batu ya shafi Maiduguri fiye da garuruwa da yawa, domin birni ne da ya haɗa zafi mai tsanani, da sauro, da ƙarancin wutar lantarki, da al'adar turara ɗaki, a daidai lokacin da kiwon kifi ke ƙaura daga bakin tabki zuwa cikin gidaje.

Daga Baga zuwa tsakar gida

Shekaru aru-aru arzikin kifin Borno daga Tabkin Chadi yake fitowa. Garin Baga, mai nisan kusan kilomita 200 daga Maiduguri, shi ne matattarar masunta, kuma daga kasuwar kifi ta hanyar Baga ake lodin banda zuwa Onitsha da Legas da sauran biranen kudu. Tabkin, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980. Daga baya rikicin Boko Haram ya zo, aka kai wa Baga mummunan hari a watan Janairun 2015, aka kuma daɗe ana taƙaita kamun kifi da safararsa saboda dalilan tsaro.

Masunta da dillalai da yawa sun dawo cikin birni da iliminsu, babu tabki. Wannan na daga cikin abubuwan da suka ƙarfafa kiwon tarwaɗa a tankunan roba da na tamfol da na kankare. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta tallafa wa rukunonin masu kiwon kifi a jihar da tankuna da 'ya'yan kifi da abinci. Akwai kuma cibiyoyin ilimi da ke da ruwa da tsaki a harkar, irin su Kwalejin Tarayya ta Fasahar Kifin Ruwan Daɗi ta Baga, da Cibiyar Binciken Tabkin Chadi, da sashen nazarin kifi na Jami'ar Maiduguri. A ɗaya gefen, akwatin gilashi mai kifayen ado ya samu shiga falo da otal da ofis.

Abin da ya haɗa mai tarwaɗa 500 a bayan ɗaki da mai jajayen kifin ado guda biyar a falo shi ne, dukkansu sun ajiye halittar ruwa a cikin iskar da mutane ke girki da feshi da turare a cikinta. Kifin tabki yana da inda zai gudu, kuma yawan ruwa yana sirka duk abin da ya faɗo. Kifin tanki ba shi da ko ɗaya.

Hanyoyin da iska ke bi ta shiga ruwa

Hanya ta farko ita ce fuskar ruwa. A nan ruwa ke karɓar iskar oksijin yana fitar da gurɓatacciya, kuma ƙofar da ta buɗe wa oksijin ba ta tantance baƙo. Duk tururin da ke narkewa a ruwa, kamar na amoniya da kulorin da nikotin, ta nan yake shiga.

Ta biyu ita ce saukar ƙananan ɗigo da ɓurɓushi. Abin da gwangwanin feshi ke fitarwa ɗigo ne masu ƙanƙanta da ke yawo a ɗaki na wani lokaci kafin su sauka a kan gado da tebur da duk abin da ke buɗe. Haka ma kunkunniya da tokar igiyar leƙo.

Ta uku, wadda ta fi sauri, ita ce injin hura iska. Aikinsa shi ne ya zuƙo iskar ɗaki ya tura ta ƙasan ruwa a matsayin kumfa. Ƙaramin injin da ke hura lita 3 a minti ɗaya zai tura lita 4,320 na iska cikin tanki a kwana guda. Idan tankin na lita 60 ne, iskar da ta ratsa shi ta ninka ruwansa sau 72. Idan iskar tana ɗauke da guba, injin da aka saya don ya raya kifi shi ne zai kai masa ita har inda yake.

Akwai hanya ta huɗu da ta biyo bayan waɗannan, wato abin da ya sauka a kan hannu, ko bokiti, ko koma, ko buhun abincin kifi, sannan aka tsoma shi a ruwa washegari.

Dalilin da ya sa kifi ya fi saurin kamuwa

Ruwa matalauci ne a fannin oksijin. Lita ɗaya ta ruwa tana ɗauke da kusan kashi 1 cikin 30 na abin da lita ɗaya ta iska ke ɗauke da shi. Don haka dole kifi ya riƙa kora ruwa mai yawa, dare da rana, ta cikin jajayen sassan nan masu kama da haƙoran mataji da ke ƙarƙashin murfin kumatunsa, waɗanda su ne ke yi masa aikin huhu. Fatar da ta raba jininsa da ruwa a wurin siririya ce ƙwarai, a yawancin kifaye ba ta kai kashi 1 cikin 10 na kaurin silin gashi ba. Duk abin da ya narke a ruwa yana iya tsallakawa cikin jini kai tsaye.

Zafi kuma yana ƙara tsananta lamarin. Ruwan da ke kan ma'aunin zafi 20 yana iya riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin a kowace lita. A kan 30 adadin yana sauka zuwa kusan 7.5, a kan 35 kuma ƙasa da 7. A lokaci guda, jikin kifi yana ƙara buƙatar oksijin idan ruwa ya ɗumama. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maiduguri ke haura 40, kifin tanki yana rayuwa ne a bakin gaɓa, yana numfashi da sauri, yana kuma zuƙar guba da sauri idan akwai ta.

Tarwaɗa tana da wata gaɓa ta musamman a cikin kanta da ke ba ta damar haɗiyar iska daga sama, kamar yadda gaiwa ke da huhu, haka ma wasu kifayen ado da ake shigo da su daga Asiya. Wannan baiwa ce ke sa tarwaɗa ta jure ruwan da karfasa ba za ta jure ba. Amma tana nufin tarwaɗa na shaƙar iskar ɗakin da aka ajiye ta kai tsaye, ga kuma wadda ta narke a ruwa.

Maganin sauro na gwangwani da igiyar leƙo

Mafi yawan magungunan ƙwari na cikin gida an yi su ne da wani dangin sinadari da ake kira fairetiroyid. An kwaikwayo shi daga gubar wata fure da ake nomawa a Kenya da Tanzaniya. Na farko a dangin, alitirin, an haɗa shi a Amurka a 1949, sannan a farkon shekarun 1970 masanin kimiyya Michael Elliott da abokan aikinsa a cibiyar Rothamsted ta Ingila suka samar da famitirin da saifamitirin da deltamitirin. Mai saye zai iya gane su a jikin gwangwani, domin yawancin sunayensu da haruffan "thrin" suke ƙarewa.

An fifita su a gidaje ne saboda hantar mutum tana saurin narkar da su. Hantar kifi ba ta da wannan saurin, don haka sinadarin yana taruwa ya kai ga jijiyoyi, ya hana su hutawa, kifi ya shiga fizge-fizge har ya sandare. Gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna cewa wasu daga cikinsu suna kashe kifi a ma'aunin 'yan maikurogiram kaɗan a lita, wasu ma ƙasa da ɗaya. Maikurogiram ɗaya a lita, a tankin lita 100, bai wuce nauyin ƙwayar gishiri ɗaya ko biyu ba. Dalilin ke nan da ya sa a ƙasashe da dama ake rubuta gargaɗi a jikin gwangwani cewa a rufe akwatin kifi kafin a yi feshi. Wani abin lura shi ne, ƙarfin wannan guba yana ƙaruwa idan ruwa ya yi sanyi, saboda haka feshin hunturu ba shi da sauƙi ko kaɗan.

Igiyar leƙo tana fitar da irin wannan sinadari a hankali na tsawon sa'o'i, haɗe da hayaƙi mai yawa. Wani bincike da aka buga a 2003 a wata mujallar lafiyar muhalli ta Amurka ya gano cewa ƙona igiya ɗaya yana iya fitar da ƙananan ɓurɓushin hayaƙi daidai da na karan sigari 75 zuwa 137. Idan aka kunna ta a ɗakin da injin hura iska ke aiki, aka kuma rufe taga, kifi zai kwana ana ɗura masa ita.

Gidan sauro ma yana da nasa haɗarin. Waɗanda ake rabawa a asibitoci da lokacin gangami an jiƙa zarensu da deltamitirin ko famitirin ko makamancinsu, don maganin ya daɗe yana aiki. Wasu masu kiwo kan yafa tsohon gidan sauro a kan tanki don kare kifi daga tsuntsaye da ganye. Da zarar ya taɓa ruwa, ko ruwan sama ya ratsa shi, maganin zai zuba ciki. Ragar da ba ta da magani ce kaɗai ta dace da wannan aiki.

Fiya-fiya

Abin da ake kira fiya-fiya, wanda ake ɗurawa a ƙananan kwalabe ana tallarsa a kasuwanni da tashoshin mota, galibi yana ɗauke da sinadarin dikulobos, wanda ake rubutawa DDVP. Shi ne kuma ke cikin Sniper. Maganin gona ne, amma ya zama abin yayyafawa a lungun ɗaki don sauro da kyankyaso da kuɗin cizo. Yana saurin zama tururi, wannan ne sirrin ƙarfinsa, kuma shi ne haɗarinsa ga tankin da ke ɗakin ko da ba a yayyafa shi kusa ba. A jiki, yana toshe sinadarin da ke kashe saƙon jijiya bayan ya isa, sai tsoka ta yi ta motsi ba tsayawa har numfashi ya gagara.

A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan wannan sinadari a cikinsa. A 2019 kuma Hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper da ire-irensa a kasuwannin bayan fage da manyan kantuna, ta jaddada cewa na aikin gona ne. Duk da haka yana nan a gidaje da yawa. Buƙatarsa takan ƙaru a ƙarshen damina, da kuma lokuta irin na bayan ambaliyar 10 ga Satumban 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya kwanta a unguwanni.

Turaren wuta da hayaƙin girki

Borno ta yi suna a turaren wuta da humra, kuma kasko ba ya rabuwa da ɗakin matan Kanuri da Shuwa. Ana haɗa turaren ne da itatuwa irin su sandal, da kajiji da farce, da sukari, da man turare. Idan ya hau garwashi yakan fitar da hayaƙi mai ɗauke da ƙananan ɓurɓushi da tururin mai. Ba guba ce mai kisa nan take irin ta maganin ƙwari ba. Illarsa ga tanki a hankali take zuwa: maiƙon yana kwanciya a fuskar ruwa ya yi wata siririyar yana mai sheƙi, wadda ke rage musayar iska. A ɗakin da ake turarawa safe da yamma da ƙofa a rufe, a lokacin zafi, wannan ragi kaɗai zai iya sa kifi ya taso sama yana haki.

Haka tururin man suya yake yi idan tanki na kusa da madafi. Gawayi da itace kuwa suna ƙara kunkunniya, wadda ke ɗauke da sinadaran da ke lahanta hanta da ƙwan kifi idan suka taru. Garwashin da ake shiga da shi ɗaki don jin ɗumi a watan Disamba da Janairu yana cinye oksijin ɗin ɗakin, yana ƙara iskar kabon mai sa ruwa tsami, yana kuma fitar da iskar nan mai kisa da ba ta da wari.

Feshin ƙamshin ɗaki na gwangwani da turaren jiki suna ɗauke da sinadaran narkarwa da mai, kuma ɗigonsu yana sauka a ruwa kamar na maganin sauro. Bai kamata a fesa su a inda tanki yake buɗe ba.

Janareta, fetur da taba

A watan Janairun 2021 'yan ta da ƙayar baya suka rushe turakun layin wutar da ke zuwa daga Damaturu, Maiduguri ta shiga dogon duhu. An ƙaddamar da tashar wuta mai amfani da gas mai ƙarfin megawat 50 a watan Maris na 2023, amma janareta ya riga ya zama ɗan gida. Mai kifi yana buƙatarsa don injin iska da famfon ruwa, shi ya sa ake yawan ganin janareta dab da tanki, don waya ta isa. Sakamakon haka, injin iska yana zuƙar hayaƙin salansa yana turawa ruwa, da ragowar fetur da bai ƙone ba, da kunkunniya. Jarkar fetur da aka ajiye a ɗaki mai zafi ita ma tana fitar da tururi ko da a rufe take.

Hukumomin lafiya a Amurka suna ba da shawarar a ajiye janareta a waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. An yi wannan ƙa'ida don mutane, domin iskar da ke fita daga salansa tana manne wa jini fiye da oksijin sau 200 ko fiye. Tanki ma ya cancanci wannan tazara.

Nikotin da ke cikin taba yana narkewa a ruwa cikin sauƙi, kuma guba ne da aka daɗe ana kashe ƙwari da shi. Masu bincike a Jami'ar Jihar San Diego ta Amurka sun wallafa a 2011 cewa ruwan da aka jiƙa guntun sigari ɗaya da aka sha a kowace lita ya kashe kusan rabin ƙananan kifayen gwaji cikin kwana huɗu. Falon da ake shan sigari ko shisha a kai a kai bai dace da akwatin kifi ba.

Kayan tsafta, fenti da hazo

Ruwan wankin da ke da kulorin, irin su Hypo da Jik, da magungunan goge gilashi masu amoniya, da masu kashe ƙwayoyin cuta irin su Izal, dukkansu haɗari ne. Kulorin yana ƙona sassan numfashin kifi a ma'aunin da bai kai miligiram ɗaya a lita ba. Yana kuma kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a matatar tanki, waɗanda ke canza amoniyar kashin kifi zuwa abu marar lahani. Idan suka mutu, kifi na iya tsira ranar farko, sannan ya mutu bayan 'yan kwanaki saboda amoniyar da ta taru. Amoniya kuwa, saɓanin maganin sauro, gubarta da zafi take ƙaruwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne fesa maganin goge gilashi a jikin akwatin kifin kansa. Tsumma mai ɗan danshi ya wadatar.

Fentin mai da tina da gam na kafinta suna fitar da tururi na kwanaki. Gidajen da ake gyarawa, musamman gabanin biki ko sallah, ya kamata a fitar da kifi daga cikinsu har wari ya gushe.

Hazon hunturu kuma yana da nasa rabon. Mafi yawansa yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda masana ke ɗauka a matsayin wurin da ya fi ko'ina fitar da ƙura a duniya, kuma Borno na kan hanyarsa. Ƙurar tana dagula ruwa, tana toshe matata da bakin injin iska, tana kuma ɗauko abin da ta tarar a hanya, har da hayaƙin sharar roba da ake ƙonawa a unguwanni.

Yadda ake bambanta guba da cuta

Cuta takan fara da kifi ɗaya ko biyu, ta ɗauki kwanaki tana yaɗuwa, sau da yawa da alamu a jiki kamar gyambo ko fararen ɗigo ko kumburin ciki. Guba tana zuwa ne farat ɗaya, ta kama manya da ƙanana, kowane iri, a lokaci guda. Kifi zai riƙa zabura yana karo da bango, ko ya yi ta juyawa kamar gugar rijiya, ko ya kwanta a gefe guda yana karkarwa, ko ya yi ƙoƙarin tsallakewa waje. Jikinsa na iya yin yauƙi fiye da kima, murfin kumatunsa na bugawa da sauri.

Ƙarancin oksijin zalla yana da tasa alamar: ya fi faruwa da asuba ko bayan ɗaukewar wuta, manyan kifaye ne ke fara galabaita, kuma suna farfaɗowa idan aka motsa ruwa. Idan an ƙara iska amma fizge-fizgen bai tsaya ba, sai a tambayi mutanen gida abin da aka fesa ko aka kunna cikin sa'o'i 24 da suka wuce. Ruwa ba ya tsami banza.

Matakin gaggawa

Idan ana zargin guba, abu na farko shi ne a kashe injin iska ko a fitar da shi waje, a buɗe tagogi. Sai a kwashe kifin zuwa wani mazubi mai tsabta da ruwan da zafinsa ya yi daidai da na tanki. Idan hakan bai yiwu ba, a zubar da rabin ruwan a maye shi da sabo, a maimaita bayan 'yan sa'o'i. Ana ɗauke maiƙon da ke sama ta hanyar shimfiɗa takarda marar rubutu a fuskar ruwa a janye ta. Gawayin tace ruwa na musamman, wanda masu kayan kifi ke sayarwa, yana tsotse yawancin magungunan ƙwari, amma gawayin girki ba ya maye gurbinsa. A dakatar da abinci kwana ɗaya ko biyu.

Ruwan da za a ƙara ma sai an kula da shi. Na famfo yana iya zuwa da kulorin, don haka a bar shi ya kwana a buɗe. Na 'yan garuwa kuma a tabbatar jarkar ba ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin gona ba. Mai kifi da ya tanadi duro ɗaya na ruwa a rufe a kowane lokaci ya rage wa kansa asara.

Kifin da ake zargin guba ta kashe bai halatta a ci ko a yi banda da shi a kai kasuwa ba, kuma ba a ba wa kaji ko kyanwa. Binne shi ake yi nesa da rijiya. Haka ruwan da aka zubar, kada a sake shi cikin kwatar da ke gangarawa kogin Ngadda.

Rigakafi

Wurin ajiye tanki shi ne rabin kariya: nesa da madafi, da janareta, da ɗakin kwanan da ake feshi kullum. Akwatin gilashi ya kasance da murfi. Injin iska a ɗora shi a inda iska ke da tsabta, ko a wajen taga a inuwa, a jawo dogon tiyo, a kuma sa shi sama da tsayin ruwa don kada ruwa ya dawo cikinsa idan wuta ta ɗauke.

Idan feshi ya zama dole, a kashe injin da ke cikin ɗaki, a lulluɓe tanki da leda, a ɗora jiƙaƙƙen tawul a kai. Bayan feshi a bar ɗakin ya sha iska sosai kafin a buɗe, a cire lulluɓin ta yadda bayansa ba zai taɓa ruwa ba. Tunda kifi ba zai jure dogon rufi a lokacin zafi ba, feshin gida gaba ɗaya yana buƙatar a fitar da shi ɗungurungum. Abinci da koma da bokitin kifi a adana su a rufe, kuma a wanke hannu da ruwa zalla kafin a tsoma shi a tanki.

Wannan ba kira ba ne na a daina yaƙi da sauro. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna Najeriya ce ke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma lafiyar yaro ta fi kowane kifi daraja. Kwana cikin gidan sauro, da sa raga a taga, da kawar da kwantaccen ruwa, suna kare iyali ba tare da cika ɗaki da tururi ba. Tankin da ke da kifi ma ba matattarar sauro ba ne, domin kifaye da yawa suna cinye tsutsarsa.

Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Masu haƙar kwal a Birtaniya sun riƙa shiga rami da kanari a keji har zuwa 1986, domin tsuntsun yana riga mutum faɗuwa idan iska ta ɓaci. Kifin da ya mutu a falo bayan daren feshi irin wannan saƙo yake isarwa, kuma iyalin da suka kwana a gidan iskar da ta kashe shi suka shaƙa. Maigidan da ya ga haka, bayan ya canza ruwan tanki, ya kamata ya duba abin da ake ƙonawa da abin da ake fesawa a ɗakin da 'ya'yansa ke kwana.